Kafin Ka Dangwala Masa: Yadda Za Ku Sa Ɗan Takara Ya Faɗi Abin da Ya Mallaka

A ƙarshen watan Yunin 2007, wata ɗaya da rantsar da shi a matsayin shugaban ƙasa, marigayi Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa aka miƙa wa 'yan jarida takardar kadarorinsa. Dukiyar ta kai naira miliyan 856 da 'yan kai, a ciki har da miliyan 19 na uwargidansa, sannan ya rubuta cewa ana bin sa bashin sama da miliyan 88. Ba shi ne karon farko ba, domin ya yi haka tun 1999 da ya hau kujerar gwamnan Katsina. A Satumbar 2015 kuma fadar shugaban ƙasa ta fitar da taƙaitaccen bayanin abin da marigayi Muhammadu Buhari ya mallaka: kuɗin da bai kai miliyan 30 ba a banki, gidaje a Kaduna da Daura da Kano da Abuja, gidajen ƙasa biyu na gado a Daura, shanu 270, tumaki 25, dawaki biyar.

Duka biyun 'ya'yan jihar nan ne. Saboda haka ba wani ɗan takara da zai tsaya a Ƙofar Soro ko a Kangiwar Daura ya ce mana wannan abu ba a taɓa yin sa ba, ko kuma ɗabi'ar Turawa ce. Sai dai akwai abin da ke damuna a duka misalan biyu: bayanin ya zo ne bayan an gama zaɓe, an ƙirga ƙuri'a, an yi rantsuwa. A lokacin mai zaɓe ba shi da sauran abin ciniki a hannu. Ƙarfinmu yana cikin watannin da ɗan takara ke zagaya gundumomi yana gaishe mu da hannu biyu, kuma a cikinsu ya kamata a yi aikin da zan bayyana.

Fara da sanin abin da doka ta ba ka, da abin da ta kulle

Tsarin mulkin 1999 ya wajabta bayyana kadarori, amma a kan wanda ya riga ya ci zaɓe. Sashe na 140 ya hana shugaban ƙasa fara aiki sai ya bayyana kadarorinsa da basukansa. Sashe na 185 ya ɗora wa gwamna haka, na 52 ya shafi sanatoci da 'yan majalisar wakilai, na 94 kuma 'yan majalisar jiha. Jadawali na biyar ya ce a sake yi duk bayan shekara huɗu da kuma ranar barin muƙami, a haɗa da dukiyar 'ya'yan da ba su yi aure ba kuma ba su kai shekara 18 ba. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wato CCB, ita ke karɓa ta ajiye.

Ga inda gizo ke saƙa. Jadawali na uku ya ce hukumar ta bar kowane ɗan Najeriya ya duba waɗannan takardu, amma bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta gindaya. Majalisar, wadda mambobinta su ma takardunsu na cikin wannan ma'ajiya, ta shafe shekaru ba ta gindaya su ba, hukumar kuma ta daɗe tana fakewa da hakan. Ɗan takarar da bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba kuwa, babu dokar da ta tilasta masa faɗa maka ko da akuya nawa gare shi kafin zaɓe.

Idan kun riƙe wannan, ba za ku je kuna cewa doka ce ta wajabta masa ba, lauyansa ya kunyata ku a rediyo. Abin da za ku ce shi ne: takardar da dole ka cike ranar rantsuwa, muna so mu gan ta kafin ranar zaɓe.

Kada ka tafi kai kaɗai

Mutum ɗaya idan ya tambayi ɗan takara dukiyarsa, kafin magariba an ce ɗan adawa ne ya turo shi, ko kuma yana neman a toshe masa baki ne. Ku haɗu ku bakwai zuwa goma, kuma da gangan ku gauraya: wanda kowa ya san ɗan jam'iyya mai mulki ne, wanda aka sani da adawa, malamin makaranta, ɗan kasuwa, mace ko biyu daga masu faɗa a ji a Islamiyya ko ƙungiyar adashe, da matashi mai hannu a waya. In da lauya ko akawu mai ritaya a unguwa, ku roƙe shi ya shigo. Ku gaya wa mai unguwa don girmamawa, amma kada ku sa sunansa, domin masu sarauta suna ƙarƙashin gwamnati kuma za ku jefa shi cikin tsaka mai wuya.

Sharaɗi ɗaya ku yi wa juna tun ranar farko, a gaban juna: ba mai karɓar ko kuɗin mai daga kowane ɗan takara har a gama. Na ga irin wannan tafiya ta watse a unguwarmu saboda ambulan ɗaya da aka ba mutum biyu a bayan mota. Ba a sake zama ba.

Takardun da ke hannun INEC

Kowane ɗan takara yana cike fom mai suna EC9 ya yi rantsuwa a kansa. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a sashe na 29 INEC ta liƙa waɗannan bayanai a mazaɓar ɗan takara cikin kwana bakwai da karɓarsu, kuma kowa na iya biyan kuɗi ya nemi kwafi mai hatimi a ba shi cikin kwana 14. Ana liƙa su a ofisoshin hukumar, don haka mutumin Mashi ko Ɗanja ko Baure ya fara leƙa ofishin ƙaramar hukumarsa ya ɗauki hoto da waya kafin ruwa ko yara su yage su.

Fom ɗin ba jerin kadarori ba ne. Amfaninsa shi ne tarihin aiki: ina ya yi aiki, daga wace shekara zuwa wace shekara, me ya sa ya bari. Wannan shi ne ma'aunin da za ku ɗora dukiyar a kai daga baya. Wanda ya rubuta da hannunsa cewa shekara ashirin yana aikin gwamnati, sai ga shi da gidajen mai uku da rukunin gidajen haya a Abuja, ya bar muku tambaya a buɗe. Ba ku ce ya yi sata ba. Watakila gado ne, watakila noma ne. Amma shi zai faɗa.

Wasiƙar da za ku kai wa kowa

Wasiƙa ɗaya, kalmomi iri ɗaya, rana ɗaya, ga duk masu neman kujerar, har da wanda kuke so a zuciya. Ku kai ofishin yaƙin neman zaɓe, a sa muku hannu da kwanan wata a kan kwafinku. Ku rubuta da Hausa, cikin ladabi, kamar haka:

"Ranka ya daɗe, mu masu zaɓe ne a wannan mazaɓa. Tunda kana neman mu damƙa maka amanar dukiyar jama'a, muna roƙon ka bayyana mana a rubuce, da sa hannunka, gidaje da filaye da gonakin da ka mallaka da shekarar da ka same su, kamfanonin da kake da hannun jari a ciki, jimillar kuɗinka a bankunan gida da na waje, basukan da ake bin ka da masu bin ka, da kuma waɗanda suka ɗauki nauyin takararka. Muna jiran amsa cikin mako uku, kuma za mu sanar da jama'a abin da kowane ɗan takara ya ce."

A cikin waɗannan tambayoyi, wadda na fi damuwa da ita ita ce ta bashi, kuma ita ce aka fi mantawa. Mun saba ɗauka cewa hatsarin yana wurin mai kuɗi. A ganina wanda ya fi hatsari shi ne wanda ya shigo da bashi a wuya. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar gwamna naira miliyan 50, na shugaban ƙasa miliyan 100. PDP ta sayar da na gwamna miliyan 21, na shugaban ƙasa miliyan 40. Albashin gwamna na asali a lokacin kusan miliyan 2.2 ne a shekara, ban da alawus. Fom kaɗai ke nan, ba a zo kan wakilan zaɓen fid da gwani ba. Idan aka ce "abokan arziki ne suka saya masa", ku nemi sunayen abokan arzikin. Ubangidan da ya zuba miliyoyi ba sadaka ya yi ba. Zai zo karɓa, kuma da kwangilar hanyar garinku ko ta magungunan asibitinku za a biya shi.

Za a kawo muku uzuri, kuma ɗaya daga ciki mai nauyi ne, bai kamata a yi masa dariya ba. Ɗan takara zai ce a jihar da 'yan bindiga suka addabi Jibiya da Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara, faɗin dukiya tamkar yi wa masu garkuwa da mutane jagora ne zuwa gidansa. Ku karɓi maganar da muhimmanci, sannan ku rage masa hanya: ba ku neman lambar asusu, ba ku neman adireshin gida ko sunan makarantar 'ya'yansa. "Gida biyu a Katsina, ɗaya a Kaduna, na saya a shekara kaza, darajarsu kusan kaza" ya wadatar. Kuma gaskiyar magana, wanda ke yawo da jerin motoci ashirin yana raba kuɗi a bainar jama'a ya riga ya sanar da kowa yana da shi. Mai zaɓe kaɗai ake ɓoye wa adadin da tushen.

Uzuri na biyu na al'ada ne: Bahaushe ba ya ƙirga dukiyarsa a gaban mutane, akwai kunya, akwai baki. Haka ne ga mutumin da ke zaune a shagonsa a babbar kasuwa bai nemi kujerar kowa ba. Mai neman amana hukuncinsa daban. Manzon Allah (SAW) ya aika wani mutum karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Sai Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar yakan sa a rubuta dukiyar gwamna lokacin naɗa shi, don a gane abin da ya ƙaru. Ku nemi limaminku ya yi huɗuba a kan wannan ba tare da kama sunan kowa ba. Ya fi takarda ɗari tasiri.

Idan ya taɓa riƙe muƙami

Tsohon kwamishina, tsohon ɗan majalisa, tsohon shugaban ƙaramar hukuma, babban sakatare mai ritaya, duk suna da takardu a CCB, na shiga da na fita. Hanya mafi sauƙi ita ce ku ce shi da kansa ya ba ku kwafi, domin takardarsa ce kuma ba dokar da ta hana shi.

In ya ƙi, ku rubuta wa hukumar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Dokar ba ta ce sai kun faɗi dalilinku ba, ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Ku shirya wa jin a'a, da hujjar cewa bayanin sirrin mutum ne. Duk da haka ku rubuta. Takardar ƙin amsa ita ma hujja ce da za ku ɗauka ku koma wurin ɗan takarar ku ce: hukuma ta ce sirrinka ne, to kai mai sirrin me ka ce?

Yadda ake karanta amsar

Idan Allah ya sa wani ya amsa, kada murna ta sa ku tafa kafin ku karanta. Abu na farko: takarda ce mai sa hannunsa, ko jawabin mai magana da yawunsa? Bambancin 2007 da 2015 ke nan. Malam Umaru ya fitar da adadi har da na bashi, na 2015 kuwa taƙaitawa ce daga bakin kakaki, ba a faɗi darajar gidajen ba, shi ya sa aka daɗe ana ce-ce-ku-ce a kai. Ku nace wa sa hannu da kwanan wata. In ya yarda ya yi rantsuwa a kotu a kai, ya fi.

Sai shekaru. Jerin gidaje ba tare da shekarar mallaka ba kusan ba shi da amfani. Ku ɗora shekarun a gefen tarihin aikin da ke cikin EC9. Dokar ɗa'ar ma'aikata da kanta ta ce dukiyar da jami'i ya samu bayan ya bayyana kadarorinsa, wadda ba za a iya danganta ta da albashi ko halastacciyar kyauta ko rance ba, ana ɗaukar ta a matsayin ta haram har sai ya kawo hujja. Wannan ma'aunin za ku ara.

Ku lura da kalmar "noma". Doka ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ta bar masa noma, don haka duk dukiyar da aka rasa yadda za a bayyana sai a jingina ta da gona. A nan mu Katsinawa muna da abin da ɗan jaridar Legas ba shi da shi. Mun san abin da kadada ke bayarwa na masara a ƙasar Funtuwa da Bakori, mun san kuɗin sa a kasuwar Charanchi da ta Mai'aduwa. In ya ce gonarsa ce ta gina masa otal, a je a ga gonar, a tambayi maƙwabtanta buhu nawa ake kwashewa.

Sai mata da 'ya'ya da ƙanne. Yaron da bai gama jami'a ba amma yana da kamfanin da ke samun kwangila, ba sai an yi dogon bayani ba. Hukumar yi wa kamfanoni rajista, CAC, tana da shafin bincike a intanet, kuma tun 2023 ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanoni, inda dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta a bayyana duk mai kashi biyar cikin ɗari ko fiye. Matashin da ke cikinku ya buga sunan kamfanin da ke kan allon kwangilar da ke bakin hanyarku, ya ga sunayen da za su fito. Dillalan filaye da magina su ma sun san wanda ya sayi me a GRA da bayan gari, sai dai maganarsu jagora ce zuwa bincike, ba a kafa hujja da ita.

Game da asusun ƙasar waje, tsarin mulki ya haramta wa shugaban ƙasa, gwamna, mataimakansu, ministoci, kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe shi. Ɗan kasuwa mai neman kujera yana iya samunsa yanzu ba laifi, amma ku tambaye shi yaushe zai rufe.

Ku ƙirga abin da ake kashewa a gabanku

Doka ta sa wa kuɗin kamfe iyaka. A dokar 2010 ɗan takarar gwamna ba zai wuce miliyan 200 ba, na shugaban ƙasa biliyan ɗaya. Dokar 2022 ta ɗaga zuwa biliyan ɗaya ga gwamna, biliyan biyar ga shugaban ƙasa, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai, kuma ta hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. Adadin yana canzawa duk sanda majalisa ta taɓa dokar, don haka ku nemi na dokar da ake aiki da ita a zaɓen da ke gabanku.

Ku sayi littafi ɗaya. Duk gangamin da aka yi a yankinku, a rubuta rana, motoci nawa aka ɗauko, babura nawa aka raba, buhunan shinkafa, turamen atamfa, katan ɗin taliya, allunan talla. Direbobin tasha za su gaya muku kuɗin shatar mota, masu buga fosta za su gaya muku farashi. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34, gundumomi 361, da rumfunan zaɓe sama da 6,000. A ce wakili ɗaya kawai aka sa a kowace rumfa aka ba shi naira 10,000, an haura miliyan 60 a yini guda, ba a yi maganar sojojin baka da ƙauraye ba. Abin da kuka ƙirga a gundumarku, ku kwatanta da dukiyar da ya ce yana da ita. Idan abin da ake rabawa ya ninka abin da ya bayyana, to akwai mai zuba kuɗin da ba a faɗa muku ba, sai ku koma kan tambayar bashi.

Littafin zai yi amfani bayan zaɓe ma, domin dokar 2022 ta ce jam'iyya ta kai wa INEC rahoton gudummawar da ta karɓa cikin wata uku da bayyana sakamako, da rahoton kuɗin da ta kashe cikin wata shida.

Fitar da abin da kuka samu

Ranar da wa'adin mako uku ya cika, ku fitar da takarda ɗaya mai sauƙi: wane ya amsa a rubuce, wane ya amsa rabi, wane ya yi shiru. Ku kai gidajen rediyo, ku karanta da murya ku tura a WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatun boko, musamman mata a cikin gida, waɗanda ke cika layi ranar zaɓe. Idan aka gayyaci ɗan takara shirin kiran waya, ku kira ku maimaita tambayar cikin ladabi.

Ku kiyaye harshe. Kada kalmar "ɓarawo" ta fito daga bakin ɗayanku, a rediyo ko a Facebook. Ku faɗi abin da takarda ta nuna ku tsaya nan: ya ce gida biyu, mun ga kamfani kaza da sunansa wanda bai ambata ba, mun tambaye shi ranar kaza bai amsa ba. Ƙazafi zunubi ne, kuma ƙarar ɓata suna ɗaya ta isa ta rufe bakin ƙungiyar gaba ɗaya. Kafin ku fitar da kowane saɓani, ku ba shi mako guda ya yi bayani, in ya yi ku haɗa da bayaninsa. Wanda ya amsa da gaskiya kuma ku yaba masa a fili ko da ba naku ba ne, domin na gaba ya ga akwai riba a amsawa.

Bayan rantsuwa, gwamna da shugaban ƙasa da mataimakansu suna shiga rigar kariya ta sashe na 308, ba a gurfanar da su sai sun sauka. Sanata da ɗan majalisa ba su da wannan riga, ana iya kai ƙorafinsu CCB, kuma Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon tsige mutum, ta hana shi riƙe muƙami har shekara goma, ta ƙwace dukiyar. Ko wanne ne ya ci, ku yi kwafi uku na komai, wasiƙu da amsoshi da littafin ƙirga, ku ajiye a gidaje uku daban, ku ɗauki hotonsu a waya fiye da ɗaya. A bangon fayil ɗin ku rubuta watan da jam'iyyu za su sake fara sayar da fom, domin a watan ne za ku ɗauko shi ku kai masa wasiƙa ta biyu, da kwafin amsarsa ta farko a manne.